Durƙushewar Ƙwayar Manhajar Kwamfuta: Kama Saƙon Ƙarshe da Gano Musabbabi

1.0 GABATARWA

Kwamfuta, ko na'ura mai ƙwaƙwalwa kamar yadda wasu ke kiranta, takan tsaya cik wani lokaci ba tare da gargaɗi ba. Mai aiki da ita yakan kashe ta ya sake kunnawa, idan ta tashi shi ke nan, sai ya ci gaba da harkarsa. Amma ga wanda aka damƙa wa amanar na'urorin banki ko asibiti ko kamfanin sadarwa, sake kunnawa bai wadatar ba, domin abin da ya kayar da na'urar yau yana nan daram, kuma zai sake kayar da ita gobe. A ranar Juma'a 19 ga Yuli, 2024, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu aiki da Windows suka durƙushe a sassan duniya, bisa ƙiyasin kamfanin Microsoft. Dubban jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci kuma suka ɗage ayyukan da suka tsara.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abubuwa biyu. Na farko, yadda ake kama saƙon da ƙwayar manhaja kan bari a lokacin da ta durƙushe. Na biyu, yadda ake karanta wannan saƙo har a kai ga musabbabi. Za a fi ba da ƙarfi ga Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, saboda mataninta a buɗe yake ga kowa, sa'an nan a waiwayi Windows inda ya dace. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, ba a samun wannan shaida sai an yi mata tanadi tun kafin faɗuwa, kuma idan an same ta, wurin da ta nuna an faɗi ba lalle ne ya zama wurin da aka yi tuntuɓe ba.

2.0 ƘWAYA DA MATSAYINTA

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita, kamar Windows ko Linux ko Android ta wayoyin hannu. A can cikin babbar manhaja akwai wani sashe da Turawa suka raɗa wa sunan ƙwayar da ke cikin ɓawo, kamar ta gyaɗa. A tsarin Unix ma, manhajar da mutum ke rubuta wa umarni sunanta ɓawo. Saboda haka wannan maƙala za ta riƙa kiran sashen ƙwaya.

Ƙwaya ita ce ke raba lokacin masarrafi, watau ɓangaren na'ura mai aiwatar da umarni, tsakanin manhajojin da ke aiki. Ita ce ke raba musu ƙwaƙwalwar aiki, wadda abin da ke cikinta kan ɓace da zarar an ɗauke wuta. Ita ce kuma ke magana da faifai da allo da katin sadarwa ta hanyar ƙananan manhajoji da ake kira direbobi. Idan wata manhaja ta yi kuskure, alal misali ta nemi karanta adireshin da ba nata ba, ƙwaya ce ke kama ta, ta kashe ta, ta rubuta abin da ya faru. Idan kuwa ƙwayar ce ta yi kuskuren, to babu wani na sama da ita da zai yi mata haka. Mai laifi da mai shaida da magatakarda duk sun zama abu guda.

2.1 Asalin Firgici

Tsarin Unix ya samo asali a 1969 a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie. Tun da wuri aka sanya masa wata gaɓa, watau dunƙulen umarni mai suna guda da aiki guda, wadda aka kira panic, ma'ana firgici. Aikinta shi ne ta buga gajeren saƙo ta tsayar da na'ura. Tom Van Vleck, ɗaya daga cikin maginan Multics, tsarin da ya gabaci Unix, ya ba da labarin cewa ya taɓa gaya wa Ritchie rabin abin da yake rubutawa na farfaɗowa daga kurakurai ne. Ritchie ya amsa masa cewa su sun bar wannan duka, idan matsala ta auku sai a kira firgici, a ƙwala wa wani kira ya sake tayar da na'ura. Hikimar da ke cikin wannan tsari ita ce, ƙwayar da ta gano bayananta sun gurɓace, idan ta ci gaba da aiki, tana iya rubuta gurɓataccen abu a kan faifai ta lalata abin da ba zai gyaru ba.

2.2 Matakan Durƙushewa

A Linux ana iya kasa matsalolin ƙwaya kashi huɗu:

(a) Gargaɗi. Ƙwaya ta ga abin da bai kamata ba, ta rubuta rahoto, ta ci gaba da aiki.

(b) Oops. Wannan kalma ce da Bature kan furta idan abu ya suɓuce masa, kamar yadda Bahaushe kan ce "af" ko "kash". A nan ƙwaya takan kashe aikin da kuskuren ya rutsa da shi, ta yi ƙoƙarin ci gaba. Sai dai aikin da aka kashe yana iya mutuwa riƙe da makullin wani sashe, saboda haka ba a amince wa na'urar bayan wannan. Masu kula da manyan na'urori sukan kunna umarnin panic_on_oops domin kowane Oops ya zama firgici nan take.

(c) Firgici. Ƙwaya ta tsayar da komai.

(d) Daskarewa. Na'ura ta yi tsit ba tare da saƙo ba, sau da yawa saboda ayyuka biyu sun yi cirko-cirko, kowanne yana jiran makullin da ke hannun ɗayan. Domin irin wannan aka sanya masu gadi a cikin ƙwaya. Bisa tsarin asali, ɗaya kan yi ƙara idan masarrafi ya toshe kunne ga kowane kira tsawon daƙiƙa 10, wani idan gaɓa guda ta riƙe masarrafi daƙiƙa 20, wani kuma idan aiki ya maƙale yana jira daƙiƙa 120.

3.0 KAMA SAƘO

Duk abin da ƙwayar Linux ta faɗa, gaɓar printk ce ke rubuta shi a wani kundi da ke cikin ƙwaƙwalwar aiki. Kundin zagaye yake yi, idan ya cika sai sabon saƙo ya hau kan mafi tsufa. Umarnin dmesg shi ke nuna abin da ke ciki. Akwai kuma wata manhaja ta daban mai kwashe saƙonnin tana ajiye su a faifai. To, wannan manhaja ba ta motsi sai ƙwaya ta ba ta lokaci, kuma faifan ba ya rubutuwa sai ta hannun direbobin ƙwaya. Da zarar an firgita, duka biyun sun tsaya. Wannan shi ya sa wanda ya sake kunna na'ura ya buɗe kundin da ke faifai yakan tarar da komai lafiya har zuwa 'yan daƙiƙoƙi kafin faɗuwa, daga nan sai giɓi. Hanyoyin da za a bayyana a ƙasa duk dabaru ne na fitar da saƙon ta wata ƙofa dabam, kuma kusan dukkansu sai an shirya su tun na'ura tana lafiya. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

3.1 Allo da Hoto

Hanya mafi sauƙi ita ce ɗaukar hoton allo. Aibinta shi ne, tsohon allon rubutu na kwamfuta layi 25 ne kawai, rahoton kuwa yakan fi haka tsawo, sai kansa ya shige sama, alhali a nan ne mafi muhimmancin bayani yake. Idan kuma na'urar tana kan allon zane-zane irin na yau da kullum, shekaru da yawa ba a ganin komai, sai dai hoto ya daskare, a wasu na'urori fitilar madannin Caps Lock ta riƙa ƙiftawa. A 2024 aka shigar da gyara: fitowar Linux ta 6.10 ta zo da allon firgici na musamman, ta 6.12 kuma ta ba da damar dunƙule rahoton cikin tambarin QR, wanda wayar hannu ke iya karantawa.

3.2 Waya da Hanyar Sadarwa

Wayar siriyal tsohuwar hanya ce, amma har yanzu ba a sami wadda ta fi ta tabbas ba. Ana haɗa na'urar da ake zargi da wata ta biyu, a ba ƙwaya umarnin console=ttyS0,115200 a lokacin tashi. Daga nan duk harafin da ƙwaya ta furta yana fita nan take zuwa na'ura ta biyu. Direban wannan waya ƙarami ne ƙwarai, yana fara aiki da wuri, kuma ba ya dogara ga sauran sassan ƙwaya. A kwamfutar kwaikwayo, watau wadda ke gudana a cikin wata, ba a bukatar waya ta zahiri, domin mai masaukinta na iya juye saƙonnin cikin fayil.

Inda babu wurin saƙala wannan waya, akwai netconsole, mai aika saƙonnin ta katin sadarwa zuwa wata kwamfuta. Yana aikawa ne ba tare da jiran tabbacin isa ba, saboda haka wani layi na iya salwanta. Ba ya kuma amfani idan direban katin ne ya haddasa faɗuwar, ko idan an faɗi kafin katin ya tashi.

3.3 Ajiya Mai Tsallake Tashi

A 2011 aka shigar da tsarin pstore cikin Linux. Aikinsa shi ne, a lokacin firgici ya rubuta ƙarshen kundin a wani ɗan wuri da ba ya gogewa idan na'ura ta sake tashi, daga baya a karanta shi a /sys/fs/pstore. Wurin yana iya zama ma'ajin da ke jikin uwar allon na'ura, ko wani yanki na ƙwaƙwalwar aiki da aka keɓe, wanda ake kira ramoops. Wannan na biyun shi ne aka fi amfani da shi a wayoyin Android. Abin lura a nan shi ne, ramoops yana tsira ne idan na'ura ta sake tashi da kanta wuta ba ta yanke ba. Wanda ya cire batir, ko ya zare waya daga bango, ya goge shaidar da hannunsa.

3.4 Juyen Ƙwaƙwalwa

Hanyoyin da suka gabata saƙo kawai suke kamawa. Juye kuwa shi ne kwafe abin da ke cikin ƙwaƙwalwar aiki baki ɗaya a daidai lokacin faɗuwa. Al'ada ce tsohuwa: daga shekarun 1950 zuwa na 1970, lokacin da ake yin ƙwaƙwalwa da ƙananan zobba na maganaɗisu, akan buga juyen a takarda, shafi bayan shafi na lambobi, masani ya bi da fensir.

A Linux, tsarin kdump da aka shigar a 2005 shi ke yin wannan aiki. Tun lokacin tashi ake keɓe wani yanki na ƙwaƙwalwa da umarni irin crashkernel=256M, a ɗora ƙwaya ta biyu a ciki tana jira. Idan ta farko ta firgita, sai a miƙa mulki ga ta biyu kai tsaye ta hanyar kexec, ba tare da an bi ta matakan tayar da na'ura da ke iya goge ƙwaƙwalwa ba. Ƙwaya ta biyu lafiyayya ce, tana da nata direbobin, kuma tana ganin ƙwaƙwalwar ta farko a matsayin fayil mai suna /proc/vmcore. Sai ta kwafe shi zuwa faifai ko wata na'ura. Manhajar makedumpfile takan zubar da shafukan da babu komai a cikinsu da waɗanda ba na ƙwaya ba, domin juyen ya ragu.

Windows ta bi wata hanya. Idan ta tsaya takan nuna lambar tsayawa a allo, wanda aka daɗe da sani da shuɗin allo kafin a mayar da shi baƙi a Windows 11 a 2025. Sa'an nan ta rubuta juyen a wurin da aka riga aka keɓe a faifai, ta hanyar kwafin direban faifai da aka tanada tun lokacin tashi. Idan na'ura ta dawo, akan sami babban juye a fayil ɗin MEMORY.DMP, ƙarami kuma a jakar Minidump.

Wajibi ne a tuna cewa juye yana iya ɗauke da kalmomin sirri da mabuɗan ɓoye bayanai da takardun mutane. Ba a miƙa shi ga kowa sai wanda aka amince wa.

3.5 Gwaji

Tanadin da ba a gwada ba zato ne. Linux ta ba da hanyar haddasa firgici da gangan, ta rubuta harafin c a cikin /proc/sysrq-trigger. Mai kula da na'ura yakan yi haka a lokacin da babu aiki a kanta, ya ga ko juye ya fito. Sau da yawa a nan ake gano cewa yankin da aka keɓe ya yi kaɗan, ko faifan da za a rubuta wa ya cika.

4.0 KARANTA SAƘO

4.1 Sassan Rahoto

Ga misali da aka tsara domin koyarwa, an taƙaita shi, kuma sunayen direban da gaɓoɓinsa ƙirƙirarru ne:

BUG: kernel NULL pointer dereference, address: 0000000000000018
Oops: 0000 [#1] SMP
CPU: 2 PID: 1460 Comm: gwaji Tainted: G O
RIP: 0010:karanta_sako+0x1c/0x90 [direban_gwaji]
Call Trace:
karbi_sako+0x44/0xd0 [direban_gwaji]
vfs_read+0x9d/0x180
ksys_read+0x5f/0xe0
do_syscall_64+0x5b/0x80

Lambobin adireshi a nan a ƙidayar goma sha shida suke, wadda ke amfani da 0 zuwa 9 da haruffan a zuwa f. Layin farko yana cewa ƙwaya ta nemi adireshi na 18 a wannan ƙidaya, watau 24 a ƙidayar da aka saba. Babu wani abin kirki da ake ajiyewa a adireshi ƙarami haka. Galibi ma'anarsa ita ce, an yi amfani da manuni, watau ma'ajin da ke riƙe da adireshin wani abu, alhali babu komai a cikinsa sai sifiri, aka ƙara masa 24 domin a kai ga wani gurbi na abin da ake zaton yana nunawa.

A layi na biyu, 0000 yana nuna karatu aka so yi, a cikin ƙwaya, daga shafin da babu shi. Da rubutu ne, da an ga 0002. Alamar #1 tana nufin wannan ne Oops na farko tun tashin na'ura. Wannan muhimmi ne ƙwarai, domin na biyu da na uku sau da yawa 'ya'yan na farko ne, kuma wanda ya bi su ya bi inuwa.

Layi na uku ya ambaci masarrafin da abin ya faru a kansa, da lambar aikin da sunansa, sa'an nan haruffan gurɓata. Harafin O yana nufin an ɗora direban da ba ya cikin matanin Linux na asali. Da P ne, to direban da mataninsa a rufe yake. Da M ne, to kayan na'ura sun taɓa kai ƙarar kansu. Da D ne, an taɓa yin Oops kafin wannan.

Layi na huɗu shi ne inda masarrafi yake tsaye: cikin gaɓar karanta_sako, bayit 28 daga farkonta, ita kuwa tsawonta bayit 144 ne. Abin da ya biyo baya shi ne salsalar kira, wadda ake karantawa daga ƙasa zuwa sama: wata manhaja ta nemi karatu, buƙatar ta bi ta gaɓoɓin ƙwaya har ta isa direban. Sunan da aka sa wa alamar tambaya a gabansa a cikin salsala ba a dogara da shi, domin yana iya zama ragowar tsohon kira.

4.2 Daga Lamba Zuwa Matani

Mutum ne ke rubuta manhaja da harshen da yake fahimta, sa'an nan manhajar tafinta ta mayar da shi lambobi. Mai bincike yana bukatar komawa baya, daga bayit na 28 zuwa layin da aka rubuta. Kayan aikin sun haɗa da gdb da addr2line da decode_stacktrace.sh, juye kuwa ana buɗe shi da manhajar crash a Linux, ko WinDbg a Windows. Sharaɗi guda ne: dole a sami fayil ɗin alamomi na ainihin ƙwayar da ta faɗi. Idan aka yi amfani da na wata fitowa, ko da kusa suke, zai nuna layin da ba shi ba. Daɗin daɗawa, saboda tsaro, ƙwayoyin zamani sukan sauya mazauninsu a ƙwaƙwalwa duk lokacin da aka tashi, shi ya sa sunan gaɓa da tazarar da ke bayansa suka fi tsurar adireshi amfani.

4.3 Inda Aka Faɗi da Inda Aka Yi Tuntuɓe

A misalin da ya gabata, gano layin bai ƙare bincike ba. Tambayar da ta rage ita ce, wa ya bar manunin babu komai? Wataƙila wata gaɓa ce ta nemi ƙwaƙwalwa ba ta samu ba, ba ta kuma duba ba. Wataƙila masarrafai biyu ne suka yi rige-rige, ɗaya ya share abin da ɗayan ke shirin karantawa. Mafi wuya shi ne inda wani direba ya yi rubutu a gonar da ba tasa ba, ya wuce abinsa, sai bayan awoyi wani sashe marar laifi ya taka wurin ya faɗi. A nan sunan da rahoto ya ambata na wanda aka zalunta ne.

Domin irin wannan aka ƙirƙiri dabarar guba. Idan an kunna binciken rabon ƙwaƙwalwa, duk yankin da aka saki akan cika shi da lambar 6b. Wanda ya ga 6b6b6b6b a rahoto ya san an yi amfani da abu bayan an sake shi. Haka nan adireshin dead000000000100 yana nuna an bi wani abu da aka riga aka cire daga jeri. A 2015 aka shigar da KASAN, wanda ke duba kowane karatu da rubutu, ya yi ƙara a daidai lokacin da aka ƙetare iyaka, ya kuma faɗi gaɓar da ta nemi yankin da wadda ta sake shi. Yana rage saurin na'ura ƙwarai, saboda haka a na'urar gwaji ake kunna shi.

4.4 Kwatanta Rahotanni

Rahoto guda ba ya cika hukunci. Idan na'ura tana faɗuwa a gaɓa guda kullum, zargi ya fi karkata ga manhaja. Idan kuwa yau nan gobe can, ba tsari, sai a fara tuhumar kayan na'ura: lalatacciyar ƙwaƙwalwa, ko zafi, ko wutar da ba ta tsaya daidai ba. Manhajar Memtest86+ takan gwada ƙwaƙwalwa tsawon awoyi domin wannan.

Idan an san tsohuwar fitowa lafiya take, sabuwa ce ke faɗuwa, akwai dabarar rabawa biyu ta git bisect. Kowace babbar fitowar Linux tana ɗauke da sauye-sauye sama da 10,000. Sai a gwada na tsakiya, a zubar da rabin da ya kuɓuta, a sake raba ragowar. Gwaji 14 ya isa a ware sauyi guda daga cikin 16,384. Bayan haka sai a duba fayil ɗin MAINTAINERS a ga mai kula da sashen, a aika masa cikakken rahoton farko da lambar fitowa da yadda ake maimaita matsalar.

5.0 DARASI DAGA AUKUWAR 2024

Aukuwar da aka ambata a gabatarwa ta tattara waɗannan batutuwa. Kamfanin tsaro na CrowdStrike yana da manhaja mai suna Falcon, wadda direbanta, csagent.sys, ke aiki a cikin ƙwayar Windows. Da ƙarfe 04:09 agogon GMT kamfanin ya tura sabon fayil na ƙa'idoji mai lamba 291, ya janye shi da ƙarfe 05:27. Na'urorin da suka karɓe shi cikin waɗannan mintoci 78 suka shiga faɗuwa duk lokacin da suka tashi, har sai da ma'aikata suka bi da yawa daga cikinsu ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil ɗin da hannu.

Juye ya nuna sunan direban tun a awoyin farko. Sai dai wani bayani da ya bazu ƙwarai ya dubi juye guda, ya ga ƙaramin adireshi, 0x9c, ya yanke cewa manuni marar komai ne. Wasu masana suka kwatanta da juyen wasu na'urori, suka ga adireshin yana sauyawa, abin da bai dace da wannan fassara ba. A ranar 6 ga Agusta kamfanin ya fitar da rahotonsa: an tsara ƙa'idar ta karɓi bayanai 21, amma manhajar 20 take miƙawa. Fayilolin da aka tura tun daga watan Maris ba su taɓa neman na 21 ba, sai na ranar 19 ga Yuli. Da aka neme shi, sai direban ya karanta abin da ke bayan ƙarshen jeri, ya ɗauke shi adireshi, ya bi shi. Watau an faɗi a watan Yuli, amma tuntuɓen ya riga ya auku watanni kafin nan, lokacin da aka rubuta sassan biyu ba su dace da juna ba.

6.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta bayyana matsayin ƙwaya da dalilin da ya sa saƙonta na ƙarshe ke salwanta, ta kawo hanyoyin kama shi, daga hoton allo zuwa juyen ƙwaƙwalwa, sa'an nan ta nuna yadda ake karanta shi. A taƙaice, mai kula da na'ura yana bukatar ya shirya aƙalla hanya guda ta kama saƙo tun na'ura tana lafiya, ya gwada ta, ya adana fayil ɗin alamomi na ƙwayar da yake amfani da ita. Idan faɗuwa ta auku, kada ya yi gaggawar yanke wuta. Ya nemi rahoton farko, ya karanta shi daga kansa, ya kwatanta shi da wasu, ya kuma ɗauki sunan da rahoton ya ambata a matsayin mafarin tambaya. Ɗalibin da ya saba da nazarin matani, wanda ya san bambancin abin da nassi ya faɗa da abin da mai karatu ya ɗora masa, yana da rabin horon da wannan aiki ke bukata.